Rahoto ya ƙi fita, kwamfuta na kukan memori: amsar tambayoyinku

Saƙonnin wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka bi, ƙarshen wata ya zo, oga na jiran rahoto, ita kuma kwamfuta ta ce memori ya ƙare. Na tsinto wasu daga ciki, na ɗan rage tsawonsu na cire sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ma'aikacin tattara bayanai ne a wata ƙungiya, muna karɓar data ta Kobo, manhajar cike fom a waya, daga ƙauyuka, duk ƙarshen wata nake sauke ta in zuba a Excel in haɗa rahoto. Da lafiya lau ne wallahi amma yanzu layin ya haura 300,000, da na taɓa fomula ɗaya sai komai ya daskare allon ya yi fari, wani lokaci ya rubuto min There isn't enough memory to complete this action, wani lokacin ma ya rufe kansa kawai ban yi sebin ba. Laftof ɗina ram 8 ce. Mai gyara ya ce in kawo kuɗi ya ƙara min ram. Dan Allah in ƙara ne ko akwai wata dabara? Daga Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna, ram 8 ta isa layi 300,000 har da saura, in dai abin da kake lodawa shi ne abin da rahoton ke buƙata, kuma nan ne matsalar take, kusan kullum ba shi ba ne. Disk ɗin kwamfuta kamar rumbu ne, ram kuma turmi, duk cikar rumbu abin da turmi ya ɗauka shi kaɗai ake dakawa a lokaci guda, toh kai abin da kake yi yanzu juye rumbun kake a turmi har da kara da buntu.

Fara duba wane Excel ne a kan laftof ɗin. Shiga File, Account, ka danna About Excel, a layin sama za ka ga ko 32-bit ne ko 64-bit. Na 32-bit iyakarsa 2GB, in an sabunta shi kuma Windows ɗin 64-bit ne zai iya kaiwa 4GB, shikenan ba ya wuce nan ko da ram 32 ka saka. Laftof da yawa da ake siyowa na hannu haka ake zuba musu Office ɗin 32-bit saboda shi ne a filashin mai shago, kaga kenan da ka biya kuɗin ram da ka dawo gida ka tarar da saƙon nan yana jiranka. In 32 ne a cire a saka 64.

Sai datar ita kanta. Buɗe fayil ɗin da ka sauke daga Kobo ka bi kolom ɗin ɗaya bayan ɗaya zuwa dama. Akwai start da end, akwai _id, _uuid, _submission_time, _index, wurin GPS shi kaɗai an raba shi gida-gida, latitude daban longitude daban tsayi daban, ga kuma wanda ya haɗa su duka. Tambayar da ake zaɓar amsa fiye da ɗaya, in tana da zaɓi 15, kana iya samun kolom 15 ƙari kan na asali. Fom mai tambaya 60 sai ya fito da kolom 200 cikin sauƙi. Layi 300,000 sau 200 gurbi miliyan 60 kenan, alhali rahoton da oga ke jira nawa yake taɓawa? Jiha, ƙaramar hukuma, mazaɓa, jinsi, shekaru, kwanan wata, sai tambayoyi kamar goma. Kolom 20 ma sun yi yawa. Tun a wajen saukewa Kobo na ba ka damar zaɓar tambayoyin da kake so da kuma yadda za a fitar da masu zaɓi da yawa, ka yi amfani da ita, cikakken kuma ka sauke shi sau ɗaya ka ajiye a gefe kar ka taɓa shi.

Fomula kuma, in kana da kolom 10 na VLOOKUP da IF a kan layi 300,000 to fomula miliyan 3 Excel yake riƙe da su, kowacce yana bin diddigin wa ta dogara da shi. Watannin da aka riga aka rufe ba sa buƙatar fomula mai rai, ka kwafe su ka yi Paste Special ka zaɓi Values, lambar ta zauna fomular ta tafi. Ka kuma nemi OFFSET da INDIRECT da TODAY da NOW da RAND, waɗannan duk motsin da ka yi a shit ɗin sai sun sake lissafi tare da duk abin da ya rataya a kansu, ko sunan ƙauye ɗaya ka gyara. Haka SUMPRODUCT in ka ba ta kolom gaba ɗaya irin A:A, layi 1,048,576 za ta bi ba 300,000 ɗinka ba, SUMIFS ta fi ta hankali a wannan. Akwai masu cewa a mayar da lissafi Manual a riƙa danna F9, yana taimakawa, amma ni ba na son shi ga mai aikin gaggawa, rana ɗaya za ka manta ka tura wa oga alƙaluman da ba su sabunta ba.

Danna Ctrl da End tare. In datarka ta ƙare a layi 300,000 amma ya jefa ka can layi miliyan ɗaya, to wataƙila akwai wanda ya taɓa shafa kala ko boda a layukan da ba data a ciki, ka zaɓi layukan banzan nan ka yi Delete na layin baki ɗaya ka yi sebin ka rufe ka sake buɗewa. Sebin da xlsb maimakon xlsx shi ma yana rage girman fayil yana sa shi saurin buɗewa.

Amma gyaran gaske shi ne ka daina zuba ɗanyen data a kan shit kwata-kwata. Shiga Data, Get Data, ka jawo fayil ɗin ta Power Query, wato sashen Excel da ke tace data kafin ta shigo, ka cire kolom ɗin da ba ka so tun a can, in ka zo Close & Load To ka zaɓi Only Create Connection ka sa alama a Add this data to the Data Model. Datar za ta shiga a matse, ba za ka gan ta a shit ba, sai ka gina Pivot Table ɗinka a kanta. Wata mai zuwa sabon fayil kawai za ka ajiye a wurin ka danna Refresh. Yini ɗaya za ka ɓata kana koyo, daga nan ka huta da jan fomula.

TAMBAYA: Malam barka da war haka. Power BI nake amfani da shi wajen dashbod ɗin ofishinmu, datar asibitoci ce ta shekara uku, layi wajen miliyan 6. Fayil ɗin ya kusa 900MB, rifresh sai ya yi minti arba'in sannan ya ce memori bai isa ba, in kuma NEPA ta ɗauke a tsakani shikenan na koma farko. Na goge shafuka biyu na rahoton na rage chat-chat ɗin, wato zanen alƙaluma, amma girman bai ko motsa ba. Me nake yi ba daidai ba? Wata 'yar'uwa daga Maiduguri.

AMSA: Barka kadai 'yar'uwa. Goge shafi da chat ba zai rage komai ba, su ba su da nauyi, nauyin yana cikin teburan da ke ƙasa. Kuma ki yi hanzari dan in lasisin Pro kuke da shi iyakar abin da za ki iya ɗorawa 1GB ne, kin kusa bango.

Abin da ya kamata ki gane game da Power BI shi ne ba layi-layi yake ajiya ba, kolom-kolom yake ajiya, kuma kowane kolom yana yi masa jerin abubuwan da ke cikinsa ba maimaici sannan ya ba kowanne lamba. Kolom ɗin jiha ko layi miliyan 6 ne abubuwa 37 ne kawai a ciki, jihohi 36 da Abuja, wannan kusan kyauta yake zama. Na ƙaramar hukuma ba zai wuce 774 ba, jinsi biyu. Amma kolom ɗin da kowane layi nasa daban, irin doguwar lambar shaidar nan mai haruffa da lambobi 36, ba abin da za a matse, jerin nasa shi ma miliyan 6 ne. Shi ya sa za ki ga tebur mai kolom 50 amma uku ko huɗu ne suka cinye fiye da rabin wurin. Yawan layi ba shi ne abin tsoro ba, yawan bambanci a cikin kolom shi ne.

Ki sauke DAX Studio, kyauta ne, ki haɗa shi da fayil ɗinki a buɗe, ki shiga Advanced ki danna View Metrics, zai jero miki kowane kolom da girmansa da yawan bambancinsa. Ba sai kin yi canke ba. Ina kyautata zaton na saman su ne lambar shaida, sai kolom ɗin kwanan wata mai haɗe da lokaci har daƙiƙa, sai wurin da ma'aikaci ke rubuta bayani da hannu, sai wata lamba mai ɗigo da jela goma sha.

Na kwanan watan nan ki tsaya a kansa. Shekara uku kwana 1,096 ne ko ƙasa da haka da ɗaya, amma in kin bar awa da minti da daƙiƙa a manne, rana ɗaya tana da daƙiƙa 86,400, kusan kowane layi ya zama daban kenan. Ki tambayi kanki akwai wanda ya taɓa neman sanin ƙarfe nawa da daƙiƙa nawa aka yi wa yaro rigakafi? In babu ki mayar da shi Date zalla. In ana buƙatar lokacin ki raba gida biyu, rana daban lokaci daban, lokacin ma ki tsayar da shi a minti, 1,440 ne kawai a yini. Lambar shaida kuma in ba da ita kike haɗa teburi ba ki cire ta, ƙirga layi ba ya buƙatarta, COUNTROWS ta isa.

Akwai wani ɓoyayyen abu da yake zuwa a kunne mutane ba su sani ba, Auto date/time. Duk kolom ɗin kwanan wata da kike da shi Power BI yana ƙirƙira masa nasa teburin kalanda a ɓoye, daga shekarar farko zuwa ta ƙarshe da ya gani a ciki, kowace rana layi ɗaya. In datar tsaf take ba wani abu ba ne. Amma datar asibiti? Wani ya bar ranar haihuwa ta koma 1900, kalandar ta zama layi sama da 45,000. Wani tsarin kuma in ba a san ranar sallama ba 31/12/9999 yake sakawa, wannan shi kaɗai kalanda ce mai layi kusan miliyan 3, a kolom ɗaya fa, in kina da irinsa biyar ki lissafa da kanki. Ki shiga File, Options and settings, Options, ƙarƙashin Current File ki zaɓi Data Load ki cire alamar, ki gina teburin kalanda ɗaya naki ki haɗa kowa da shi. Ki sani dai chat ɗin da suka dogara da tsohuwar kalandar za su ɓaci sai kin sake jona su, kar ki yi shi ana gobe miting.

Sauran a gurguje. Calculated column da kika yi da DAX, yaren fomular Power BI, a kan babban tebur ana ajiye shi ne layi-layi a memori, measure kuma, wato fomular da ke fitar da jimilla ba tare da ƙara kolom ba, sai an buɗe chat ake lissafa shi, dan haka duk abin da measure zai iya ki bar wa measure, wanda dole sai kolom ki yi shi tun a Power Query. Kweri ɗin da kika yi dan kawai ki haɗa shi da wani ki danna masa dama ki cire Enable load, in ba haka ba kina ɗauke da datar sau biyu. Kuma lokacin rifresh tsohuwar datar tana nan a memori ana gina sabuwa, kusan ninki biyu ake buƙata, shi ya sa fayil ke buɗewa lafiya amma ya faɗi a rifresh. Ki rufe Chrome da Teams kafin ki fara.

Wata tambayar da ba a son yi, dashbod ɗin yana buƙatar kowane mara lafiya a layinsa kuwa? In abin da ake kallo adadi ne na kowane asibiti a kowane wata, asibiti 500 sau wata 36 layi 18,000 ne, ko kin raba ta jinsi da rukunin shekaru ba zai je ko kusa da miliyan ɗaya ba. Ni a ganina wannan ma ya fi aminci, bayanan marasa lafiya ɗaya-ɗaya ba abin yawo a fayil ɗin da ake turawa ta imel ba ne.

TAMBAYA: Malam tawa ram 4 ce, ita ma kar in ƙara? Daga Azare.

AMSA: A'a kai kam ka ƙara. Windows kaɗai ya cinye rabi ko fiye kafin ka buɗe komai. Danna Ctrl, Shift da Esc, shiga Performance, Memory, zai nuna maka gurbi nawa ake amfani da su cikin nawa. Wasu sirararan laftof ram ɗinsu a like take da allon ciki ba a ƙarawa, kuma DDR3 ba ta shiga gurbin DDR4, dan haka ka tafi da laftof ɗin kanta shago. In har yanzu tsohon disk mai juyawa ne a ciki ka sa SSD, disk mai sauri da ba ya juyawa, a lissafi, saboda in ram ta cika Windows kan disk yake zuba ragowar, a kan mai juyawa nan ne za ka ga linzami ma ya ƙi motsi.

TAMBAYA: Salam. An turo min CSV babba, fayil ɗin data na rubutu zalla, na buɗe da Excel, ya ɗan rubuto wani abu na danna OK ban karanta ba, ya buɗe lafiya na yi aikina. Yanzu jimillata ta ƙi daidai da ta hedikwata, tasu ta fi tawa da nisa. Ko memori ne ya jawo? Daga Katsina.

AMSA: Wa alaikas salam. Je ka ƙarshen shit ɗin ka duba lambar layin ƙarshe, in 1,048,576 ka gani to ga amsarka. Wannan iyakar shit ɗin Excel ce tun daga na 2007, ba ruwanta da ram ɗinka. Abin da ka danna wa OK gargaɗi ne cewa datar ta fi ƙarfin shit kuma ba duka aka loda ba. Ina fatan ba ka yi sebin a kan fayil ɗin na asali ba, in ka yi to ragowar ta tafi sai ka roƙi a sake turo maka.

Wannan ya fi saƙon memori haɗari, dan shi memori aƙalla yana tsayar da kai, wannan kuwa rahoto zai fito tsaf da kalolinsa alhali guntu ne. Kuma ba kai kaɗai ba, a Ingila a watan Oktoba na 2020 hukumar lafiyarsu ta gano sakamakon gwajin korona 15,841 ba su shiga ƙididdiga ba, dalili kuwa an bi da datar ta tsohon tsarin xls wanda iyakarsa layi 65,536, abin da ya haura sai ya zube ba wanda ya lura sai bayan kwanaki. Maganin naka shi ne wanda na gaya wa na Gusau, kar ka danna CSV sau biyu ya buɗe, ka jawo shi ta Get Data zuwa Data Model, can miliyoyin layi suna shiga. Power Query na iya ƙirga maka layin duka, Transform sai Count Rows, ka kwatanta da adadin da hedikwata ta ce ta turo kafin ka fara komai.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe ni ɗalibi ne ina digiri na biyu, ina aiki da datar NDHS ta 2018, binciken al'umma da lafiya na Najeriya, a manhajar ƙididdiga ta Stata, fayil ɗin mata ya ƙi buɗewa yana cewa no room to add more variables. Abokina ya ce in koma R, wata manhajar ƙididdiga, na gwada wata datar a can ita ma ta ce cannot allocate vector. Na rasa inda zan sa kaina supabaiza na jira. Daga Zariya.

AMSA: Ƙanina kwantar da hankalinka, taka mai sauƙi ce. Fayil ɗin nan mata 41,821 ne, layin ba yawa, faɗinsa ne matsala, kolom dubbai ne saboda tarihin haihuwar kowace mace an shimfiɗa shi a gefe ɗa bayan ɗa. Stata ƙarami iyakarsa kolom 2,048, SE kuma yana kaiwa 32,767 amma a 5,000 yake zuwa sai ka ɗaga da set maxvar. Kana iya ɗagawa, amma me za ka yi da kolom dubu biyar? Buɗe littafin bayanin lambobin ka fitar da waɗanda bincikenka ke so, sai ka rubuta use v005 v012 v024 v025 v106 using da sunan fayil ɗin, ka ga nauyin samfur da shekaru da shiyya da birni ko ƙauye da matakin ilimi kenan, ka ƙara naka a kai, kar ka manta v021 da v022 in za ka yi svyset, umarnin da ke gaya wa Stata yadda aka zaɓi samfurin. Su kaɗai zai ɗauko. Bayan nan ka buga compress ya rage wa kowane kolom girman da ba ya buƙata, ka yi sebin da sabon suna.

Komawa R ba ya magance komai dan shi ma duka yake ɗorawa a ram, haka pandas na Python. Lissafin ba wuya, lamba ɗaya bayit 8 take ci a yadda suke ɗaukarta, layi miliyan 5 sau kolom 40 sau 8 ya ba ka 1.6GB, kafin ka yi komai kenan, kuma da ka fara tacewa da haɗawa ana yin kwafi, sai ka ga ya ninka biyu ko uku. A R ka yi amfani da fread na data.table ka ba shi select, ka riƙa rm ɗin abin da ka gama da shi, sannan a RStudio ka kashe Restore .RData into workspace at startup, shi ne yake dawo maka da tarkacen jiya duk safiya. A pandas usecols ne, sunan jiha da ƙaramar hukuma ka mayar da su category, jiha sai ta koma bayit ɗaya a kowane layi, in fayil ɗin ya fi ƙarfin ram gaba ɗaya ka sa chunksize ka karanta layi 200,000 ka tara jimilla ka zubar ka ɗauko na gaba. Ko ka koyi DuckDB, kyauta ne, da SQL kaɗan zai yi maka jimilla kai tsaye daga CSV ko Parquet ɗin da ya fi ram ɗinka girma, ni yanzu shi nake fara nuna wa duk wanda ya zo min da fayil mai gigabayit da yawa.

TAMBAYA: Malam abin mamaki, teburi biyu ne da ni kowanne bai kai layi 100,000 ba, ɗaya na rabon kaya ɗaya na rajistar gidaje, kowanne shi kaɗai yana buɗewa kamar walƙiya. Da na yi Merge ta sunan mazaɓa sai ƙirgen layi ya yi ta hawa har miliyan 20 bai tsaya ba fanka na ta ihu har kwamfutar ta mutu. Ko bairos ne? Hajiya daga Kaduna.

AMSA: Hajiya ba bairos ba ne, Merge ɗin ne ya yi abin da kika ce ya yi. Shi in kin ce ya haɗa ta sunan mazaɓa, duk layin da ke hagu zai nemo duk layin da ke dama mai irin sunan ya aura masa, duka fa ba ɗaya ba. Ɗauki Sabon Gari. A ce ya fito sau 1,000 a teburin rabo, sau 1,000 a teburin rajista, abin da zai fito layi 1,000,000 ne daga suna ɗaya tak. Ki ƙara Tudun Wada da sauran mazaɓun kowacce da nata ninkin, kinga inda miliyan 20 ta fito. Da ma a ce ram ɗin ta ɗauka ya gama, da abin ya fi muni, dan buhun da aka raba sau ɗaya zai fito sau dubu a jimilla.

Kuma suna ba abin haɗa tebur ba ne a ƙasar nan. Sabon Gari da Tudun Wada kusan kowane babban gari a Arewa akwai su, ko a matakin ƙaramar hukuma akwai Bassa a Filato akwai Bassa a Kogi, akwai Obi a Binuwai akwai Obi a Nasarawa, ga bambancin rubutu, wani ya rubuta S/Gari wani Sabongari wani ya bar sarari a ƙarshe. Ki nemi lamba, lambar gida in duka teburan suna da ita, ita ce daidai dan kowane gida sau ɗaya ya kamata ya fito a rajista. In babu, kuma a matakin mazaɓa kike son rahoton, to ki fara dunƙule teburin rajistar da Group By ta jiha da ƙaramar hukuma da mazaɓa, ya zama kowace mazaɓa layi ɗaya da adadin gidajenta, sannan ki haɗa ta waɗannan ukun tare, a tagar Merge in kin riƙe Ctrl kina iya zaɓar kolom fiye da ɗaya.

Kafin ki danna OK ki tabbatar ɓangare ɗaya ba maimaici. A Power Query ki shiga View ki kunna Column distribution, a ƙasan allo ki canza shi daga layi 1,000 na farko zuwa datar gaba ɗaya, in adadin distinct bai yi daidai da adadin layi ba to akwai maimaici, ki yi Keep Duplicates ki gansu da idonki ki san dalili kafin ki goge. Tacewa da cire kolom su zo a farkon matakai, Merge da Sort su zo a ƙarshe lokacin da datar ta rage. In a Power BI ne ma sau da yawa ba kya buƙatar Merge ɗin, ki loda teburan daban ki ja alaƙa tsakaninsu ta teburin mazaɓu guda ɗaya. Bayan kowane Merge ki ƙirga layi, in teburin rabo ya shiga da 80,000 to da 80,000 ya kamata ya fito, in ya zama 80,400 ki koma ki nemo gidajen da aka yi wa rajista sau biyu.